Muryar Lasifika a Sabuwar Rawayya

Asabar, bayan la'asar

Da sunan Allah. Ni ce Maijidda, matar marigayi Sabiru, ta unguwar Bakin Rijiya a Sabuwar Rawayya. Ban saba rubuta abin da ke raina ba, amma tun shekaranjiya bakina ya yi nauyi.

Jiragen Daular Selkan sun sauka a bayan gonakinmu. Tun bara muke jin sun karɓe tashar jirage da birnin bakin teku, muna cewa me za su yi da mu, mu da ba mu da komai sai gero da awaki. Ashe akwai abin da suke so a ƙarƙashin ƙasarmu. Ba wanda ya gaya mana ko mene ne.

Inna Hasana, uwar mijina, ita kaɗai ta rage a garin nan cikin waɗanda aka haifa a tsohuwar duniya, a Rawayya ta ƙasar Bungudu. Tana yarinya ta zo a jirgin da ya kawo iyayenmu wannan duniyar da suka sa wa suna Tudun Sama. Ƙarfen jirgin ne rufin masallacin Juma'armu. Na zata za ta firgita. Sai ta ce, "Karo na biyu ke nan. Ina ƙarama 'yan bindiga sunka tashe mu, munka kwana a barandar mutane a Gusau. Ga ni har yau ina cin tuwo."

Gero ya yi kyau bana, har ya fi mutum a kan jaki tsawo. Alhamdulillahi.

Lahadi, da hantsi

Wata mota mai lasifika ta zaga gari. Inji ne ke musu fassara, Hausarsa kamar an kwance ta an ɗaura baibai. Ya ce, "Mutane za su zama tafiya. Gidaje ba naku ne a gobe." Yara suka bi motar suna kwaikwayonsa. Malam Garba, sarkin nomanmu kuma maƙwabcina, ya ce duk wanda ba ya iya gaya maka ka tashi ai bai isa ya tashe ka ba. Mun yi dariya. Na gode wa Allah da dariyar nan.

Litinin, bayan azahar

Sun canja murya.

Ina bakin rijiya motar ta biyo. Ba inji ba ne yau, mutum ne, kuma Hausarmu ce tsaf, irin wadda ake yi a tsakar gida. Ya ce, "Jama'ar Sabuwar Rawayya, Daula ta ce ku tahi kahin Juma'a ta sama. Kowa shi ɗauki abin da kainai ke iya ɗauka. Gonaki an rufe su."

Igiyar guga ta kuɓuce mini, gugan ya koma rijiya. Matan da ke wurin ba wadda ta dube ni. Duk suka shiga neman abin da za a ciro gugan da shi, kamar shi ne babban abin da ya faru.

Da na dawo gida Inna ta ce, "Wa ke magana a motar can?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Kin sani."

Talata, da safe

Ban fita ba.

Laraba, da yamma

Shafa'atu, matar Malam Garba, ta shigo da tulu a ka, ta juye mini ruwa a randa ba ta tambaye ni ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Maijidda, kwana za ki yi ta yi a ɗaki? Anwar ɗanki na, amma ni ma na goya shi. Bayana guda sunka hau shi da ɗana Zaharaddeen."

Ita ce ta fara faɗin sunan. Ni har yanzu ban iya ba, sai da na ga hannuna ya rubuta.

Ya tafi birnin bakin teku ne karatun harsuna, ya samu aiki a tashar jirage tun kafin Daula ta zo. Rabon da ya leƙo gida tun sallar bara. Na ce mata ban san ko da son ransa yake yi ba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Tashi ki ɗaura ɗankwali, mu tahi surfe."

Na bi ta. A hanya kowa ya gaishe ni yadda aka saba. Allah ya saka wa Shafa'atu.

Alhamis, bayan magariba

Sun zagaye gonaki da waya mai wuta. Tsuntsu ya sauka a kanta sai ya faɗo. Daga ƙofar gida ina hango geron Sabiru yana kaɗawa, ya nuna, yana jiran wuƙa. Samari na ta taruwa a bayan masallaci suna magana ƙasa-ƙasa.

Motar ta wuce sau da yawa yau. Gilashinta baƙi ne, ba a ganin na ciki. Duk lokacin da ta zo daidai gidanmu sai muryar ta yi shiru, sai ta wuce sannan ta ci gaba.

Juma'a

An yi wa Zaharaddeen sutura bayan an sauko daga masallaci.

Asabar, da hantsi

Jiya da asuba suka je gona, shi da abokansa, da wuƙaƙen yankan gero. Sun samu wurin da wayar ta yi sako-sako. Duk gari ya ji muryar tana cewa, "Ku ja baya, don Allah ku ja baya." Sai ƙarar bindiga ta biyo baya. Sauran suka gudo. Shi motar sojoji ce ta kawo shi ƙofar masallaci.

Na daɗe tsaye a bakin zauren Malam Garba kafin in yi sallama. Yana zaune cikin maza. Na durƙusa na ce, "Malam, ya haƙuri?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Da muryar ɗanki anka kashe mini ɗa."

Na shiga ciki. Shafa'atu na zaune a kan tabarma, idonta a bushe. Ba ta yi mini magana ba, amma ta janye ƙafarta ta ba ni wurin zama. Na zauna a wurin har la'asar.

Ba ta kore ni ba. Alhamdulillahi.

Lahadi, bayan isha'i

Sun kashe wutar waya. Muryar ta ce an yarda mu yanke gero kafin ranar tafiya. Ba a faɗi dalili ba. Yau muryar a dushe take, kamar ta mai mura.

Talata, bayan magariba

Hannuna duk kanta, da ƙyar nake riƙe alƙalami. Kowa na gona, har makafi an kai su suna ɗaure damma. Ni kaɗai ce a gonar Sabiru, Inna na zaune a inuwa tana yi mini faɗa wai ina yanka kamar mai aski. Na lissafa a raina ko rabi ba zan gama ba.

Wajen azahar sai ga maza sun shigo ta gefen gabas, sun kama yanka ba sallama. Na tambayi Yari, wani maƙwabcinmu mai ɗan nauyin kunne, wa ya aiko su. Ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin noma. Ya ce gonar maraya da gwauruwa ba a barin ta, ko da wa ta haifa."

Shi Malam Garba bai zo ba. Na hango shi can nesa a tasa gonar, ya ba mu baya.

Na shiga cikin karan gero na yi kuka inda ba mai gani. Ban san ko na mene ne ba.

Laraba, da yamma

Mun sussuke abin da za mu iya. Inna ta zaɓi manyan zangarnu na iri ta ƙulle a tsohon zanenta, ta ce ko ni ba za ta ba riƙo ba. Sauran geron an tara a masallaci, ko Allah zai sa wani ya ci.

Na share ɗakin Sabiru. Na je maƙabarta na gaya masa za mu tafi.

Asabar, da safe, Sabuwar Tsafe

Sai yau na samu zama. Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ban manta ba.

Ranar Juma'a suka jera manyan motoci a filin idi. Muryar ta ce mata da yara da tsofaffi su hau motocin gaba, maza su hau na baya. Ta maimaita. Sai ta ci gaba, da irin sautin nan dai na sanarwa, ba ta ɗaga ba ba ta sauke ba:

"Kada namiji shi hau. Motocin baya rami za su, haƙa za a sa ku, ba a dawowa. Ku ce za ku koro awaki. Ku bi ta fadama, mota ba ta shiga. Mata Sabuwar Tsafe za a kai su. Ku iske su can."

Sojojin na tsaye da bindigoginsu, ba su jin ko kalma ɗaya. Malam Garba ne ya fara motsi. Ya nuna wa wani soja garken awaki da hannu, ya yi kukan akuya, sojan ya yi dariya ya ɗaga masa kai. Maza suka bi shi da ɗaɗɗaya, ba gudu, har suka shige cikin dogayen ciyayin fadama.

Ba duka ba. Yari da wasu sun riga sun hau tun kafin a yi maganar.

Motarmu ta tashi kafin sojojin su gane. Mun ɗan yi nisa muka ji ihu da harbi. Na juya ina neman motar lasifika, ƙura ta rufe.

A mota ɗaya muke da Shafa'atu. Ta miƙo wa Inna gorar ruwa, Inna ta sha ta miƙo mini. Shafa'atu ta gani, ba ta hana ba.

Lahadi, bayan azahar

Mutanen garin nan makiyaya ne, kakanninsu daga Tsafe suka zo a jirgi na biyu. Ba mu san kowa ba. Motocin suka zubar da mu a bakin gari kamar buhuna, suka juya. Kafin mu gama karkaɗe zannuwa sai ga mata sun fito da ƙoren nono. Wata dattijuwa, Hajiya Madina, ta kama hannun Inna ta ce, "Ke da 'yarki gidana za ku." Ta ba mu ɗakin da take ajiye ƙwarya, ta kwashe kayanta ta kai rumfa.

Na ce, "Hajiya, mun takura ki."

Ta ce, "In kin sake faɗin haka, ke za ki kwana a rumfar."

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, da magariba

A gida mun san inda alƙibla take ko ido a rufe. A nan sai da Hajiya ta fito da mu ta nuna mana Tauraron Gida, ɗan ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa da tsohuwar duniya ke zagayawa. Yana fitowa ta kafaɗar wani baƙin dutse. Inna ta daɗe tana kallon dutsen ta ce sak na Kwatarkwashi, sai dai wannan ba mikiya. Ta shiga ba Hajiya labarin kasuwar Tsafe, da wani mai tsire da ya taɓa ba ta yanka kyauta. Hajiya da ba ta taɓa ganin Tsafe ba tana ta cewa, "Ƙwarai kuwa, haka kakata ke faɗi."

Ba labarin maza.

Laraba

Ba labari.

Alhamis, bayan la'asar

Sun iso! Da hantsi yaran da ke kiwo suka sheƙo suna ihu. Ga su nan sun gangaro ta bayan dutse, ƙafafu a kumbure, riguna duk laka, har da awaki kaɗan da suka rage. Mata suka ruga. Na tsaya a jikin katanga ina kallo, ina murna da murnarsu. Matar Yari ma ta ruga, ta bi layin har ƙarshe, ta dawo ta sake bi.

Malam Garba ya wuce ta gabana yana dogara sanda. Ya tsaya kamar zai yi magana. Sai ya ce, "Inna na lahiya?" Na ce lafiya lau. Ya wuce.

Juma'a, da safe

Hajiya na da rediyo. Kullum da safe Daula na yin sanarwa. Injin nan ne ya dawo, mai Hausa baibai. Yau ba wanda ya yi dariya.

A Sabuwar Rawayya in na ji motar tafe, ɗaki nake shiga in toshe kunne. Yanzu ni ce ke fara zama a gaban rediyo, ko zan ji muryar Anwar.

Lahadi, bayan azahar

Dattawan garin sun yanka mana fili a gindin dutse. Tsakuwa ta fi ƙasa yawa, amma fili ne. Sun ce a nan damina ta kusa, lokacinta ba ɗaya da namu ba ne, su ba su iya noma sosai ba, mu koya musu su ba mu taki. Maza sun fara tsince duwatsu. Inna ta kwance ƙullinta ta ba Malam Garba rabin irin, ta ce, "Na gwauruwa na, ka shuka da kyau." Ya karɓa da hannu biyu.

Na ci abinci yau har na ƙoshi. Sai na ji kunya, ban san wa nake jin kunya ba.

Talata

Inji.

Laraba

Inji. Inna ta ce in bar rediyon nan in je in taya Hajiya kaɗa nono. Na je.

Asabar, bayan magariba

Ya Allah. Ya Allah, na gode maka.

Makiyaya ne suka tsinci Anwar a bakin hanyar motoci, can nesa da gari, inda aka jefar da shi. Sun zata gawa ce. Suka ɗoro shi a kan amalanke. Ina tsakar gida ina tankaɗe Hajiya ta shigo ta ce, "Maijidda, aje rariyar nan. Zo ki duba wani baƙo."

Ban gane fuskar ba. Ya rame, an aske masa kai. Hannayensa ba zan rubuta ba. Sai da ya buɗe baki ya ce, "Inna, ruwa."

Inna Hasana ta ture ni ta ce, "Ni yake kira." Ni kuwa na san ni yake kira. Muka ba shi tare.

Litinin, da hantsi

Zazzaɓi ya sauka. Mai ɗori ya zo ya ɗaure hannun dama, ya ce na hagu sai abin da Allah ya yi. Anwar ba ya magana sosai. Na tambaye shi abu ɗaya kawai, ko suna ba shi abinci. Ya ce wani lokaci. Ban ƙara ba. Shi ne da kansa ya ce, "Sun ce in ban yi sanarwar ba inji zai yi, kuma inji ba ya roƙon kowa." Sai ya juya fuska bango.

Mutane na zuwa dubiya. Wasu su shigo su yi addu'a, wasu su tsaya a ƙofa su leƙa su tafi. Akwai waɗanda ba su zo ba, kuma na san ba za su zo ba. Matar Yari ta zo, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ina sunka kai shi?" Ya gaya mata sunan wurin. Ta ce, "Ana dawowa?" Ya kawar da ido. Ta tashi ta fita, ta bar takalminta, sai da na bi ta da shi.

Gidan Malam Garba ba wanda ya zo.

Laraba, da yamma

An yi yayyafi. Ƙasar nan ma tana ƙanshi in ta jiƙe, irin na gida. Anwar ya ce in fito da shi ya gani. Ya zauna a bakin ƙofa, ruwa na taɓa ƙafarsa.

Ba su zo ba.

Juma'a, bayan la'asar

Shafa'atu ta zo.

Maza na masallaci, ni da Inna muna tsince wake, Anwar na jingine da bango. Ta yi sallama ta shigo, ba tulu ba ƙwarya, hannu sake. Ta rame ita ma. Na tashi zan shimfiɗa mata tabarma, ta ce in bari. Ta je ta zauna a ƙasa a gabansa, kusa sosai.

Ya yi ƙoƙarin durƙusawa, ta ce, "Zauna." Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Anwar, dube ni. Ba faɗa na zo yi ba. Abu guda nike son sani, kuma kai kaɗai ka sani. Abokanai duk sun gudu. Kana wurin?"

Ya ce, "Ina wurin, Inna."

"Nan take ya cika?"

"A'a. Ya ɗan jima. Na fito daga mota na je gare shi. Sun ce in koma, ban koma ba. Na ɗora kansa a cinyata."

"Ya gane ka?"

"Ya gane ni. Ya ce, 'Kai ne?' Na ce ni ne. Ya zage ni. Sannan ya riƙe mini riga, bai saki ba."

Shafa'atu ta yi wani ɗan sauti, tsakanin dariya da kuka. Ta ce, "Shi ne. Haka yake." Ta murza bakin zanenta. Sai ta ce a hankali, "Ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu. Ni na laƙƙana masa, ya amsa. Ya faɗa har ƙarshe, ba abin da ya rage."

Ta rufe ido. Tun ranar suturar ban ga hawayenta ba sai yau. Suka yi ta zuba, ba ta share ba. Inna ta daina tsintar wake. Ni dai ina tsaye da tabarma a hannu.

Da ta buɗe ido ta ce, "Alhamdulillahi. Abin da ke hana ni barci ke nan." Ta miƙe, ta dafa kansa sau ɗaya, ta nufi ƙofa.

Na raka ta har waje. Na ce, "Shafa'atu, Malam fa?"

Ta ce, "Shi ya aiko ni. Ya ce shi bai iya tambaya." Ta gyara mayafinta. "Yana can bayan masallaci yana jira in kai mishi amsa."

Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana. Sauri take yi.